Littafin Ruwan Sama Da Ke Cikin Kogon Dutse

Cikin takardun da suka zo mana a wannan mako akwai ta wani malamin makaranta daga ƙasar Kiru, kusa da dajin Ɗansoshiya. Ya ce gardama ta sarƙe a wurin hirarsu. Tsofaffi sun ce ruwan da ya fi na yanzu, har rafukan da su ke bushewa tun kafin sanyi ya wuce, da can su kan kai bazara da ruwa. Samari kuwa sun ce daɗin baki ne, kowane tsoho zamaninsa ya ke yabo. Sabo da haka ya ke tambaya, ashe akwai wata hanya da mutum zai san irin ruwan da aka yi tun ba a haifi kakanninsa ba?

Amsa ita ce akwai. Tun da ya ke tambayar ta shafi abincinmu duka, na ga ya kamata in ba ta filin nan gaba ɗaya.

Da farko ina roƙon malamai kada su zaci duba ce ko bugun ƙasa. Gaibu sai Allah. Abin da zan faɗa irin aikin maharbi ne, wanda ya kan dubi sawu a bakin rafi ya ce gada ta wuce nan da asuba. Bai ga gadar ba, amma ta bar masa alama. To, haka ruwan sama ya ke barin sawunsa, kuma wurin da sawun ya fi daɗewa bai goge ba shi ne cikin kogon dutse.

Ga yadda abin ya ke. Akwai wani irin dutse, dutsen farar ƙasa, wanda a ke yin siminti da shi, kamar na Kalambaina a Sakkwato da na Ashaka a ƙasar Gombe. In ruwan sama ya sauka ya ratsa ƙasa, ya kan kwashi wata iska da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa, sai ya yi ɗan tsami kaɗan wanda harshe ba ya ji. Wannan ɗan tsamin ya isa ya narkar da dutsen farar ƙasa a hankali. In akwai kogo a ƙarƙashi, ruwan ya kan tsattsafo ta rufinsa ya riƙa ɗiga. Da ya fito sarari sai iskar nan ta rabu da shi, shi kuwa ya ajiye ɗan abin da ya narkar. Duk wanda ya taɓa ganin farin ɓawon da ke kama gindin butar shayi in ana dafa ruwan rijiya cikinta, ya ga ɗan'uwan wannan abu.

Ɗigo bisa ɗigo, sai wani abu ya zubo daga rufin kogon kamar hantsar saniya, wani kuma ya taso daga ƙasa daidai inda ɗigon ke faɗuwa, kamar turke. Wannan na ƙasan Turawa ke kira sitalagmait, mu kuwa bari mu ce da shi turken dutse. Girmansa na da nawa ƙwarai. Sau da yawa sai ya shekara 1,000 bai ƙaru da fiye da inci 4 ba. In aka tsaga shi biyu daga sama zuwa ƙasa, sai a ga layi bisa layi kamar ganyen littafi, na ƙasa shi ne tsoho, na sama shi ne sabo.

Mai karatu zai ce, to, mun ji akwai layi, amma wa ya rubuta kwanan wata a jikinsa? Nan ne hikimar ta ke. Ruwan da ke ɗigowa ya kan zo da ɗan ƙanƙanen yuraniyam, irin ma'adinin nan da a ke haƙa a Arlit ta ƙasar Nijar. Shi yuraniyam halinsa ne ya riƙa rikiɗa a hankali ya na zama wani ma'adini, toriyam, kuma saurin rikiɗar ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Toriyam kuwa ba ya narkewa cikin ruwa, sabo da haka ranar da layin ya kwanta kusan babu shi a ciki, duk wanda aka tarar daga baya ya taru. Ku ɗauka tulu ne mai yoyo, an tara masa ƙwarya. In ka san yawan abin da ke zuba kowace sa'a, da ka dubi ƙwaryar ka san tun yaushe aka tara ta. Da wannan lissafi a ke ƙidaya shekarun turken dutse har wajen shekara 500,000.

Saura yawan ruwan. Ƙwayoyin ruwa ba nauyinsu ɗaya ba, akwai masu ɗan nauyi, akwai marasa nauyi, gwargwadon irin oksijin da ke cikinsu. Kun ga mata in su na shiƙa, tsaba ta kan faɗi kusa, ƙaiƙayi ya yi gaba. Haka hadari ya ke in ya taso daga teku, mai nauyin ya ke fara zubarwa. A ƙasashe masu damina irin tamu, shekarar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, mara nauyin ya kan yi yawa cikin abin da ya shiga ƙasa. Shekarar fari kuwa zafi ya kan kwashe mara nauyin, ya bar mai nauyin. Turken dutse ya na riƙe da wannan bambanci layi layi. Masana su kan ɗebi garinsa da ɗan ƙaramin abin huji, su auna a na'ura, su ce nan an yi ruwa, nan an yi fari. In farin ya yi tsanani har ɗigon ya tsaya, turken ya kan daina girma, a ga tabon wurin.

Kada a ce zance ne na fatar baka, ga inda aka gwada shi da rubutun mutane. A ƙasar Sin akwai wani kogo, Dayu, inda mutanen wurin su kan shiga neman ruwa in fari ya matsa musu, su rubuta labarin a jikin bango da kwanan wata. An sami labarin fari bakwai a rubuce tsakanin 1520 da 1920. Na 1891 ya nuna mai mulkin garin ya shiga da mutum fiye da 200 ɗiban ruwa. Da aka auna turakun dutsen kogon, aka buga sakamakon a 2015, sai ga alamar fari ta fito a daidai shekarun da aka rubuta a bango. Shaidu biyu ke nan da ba su haɗa baki ba, alƙalami da dutse.

A wani kogon na ƙasar Sin kuma, Wanshiyang, an sami turke ɗaya mai labarin shekara 1,810. Binciken da aka buga a 2008 ya nuna damina ta raunana a ƙarshen zamanin gidajen sarauta uku, watau Tang da ta faɗi a 907, da Yuwan a 1368, da Ming a 1644. Ba na ce fari kaɗai ke tuɓe sarki ba. Amma in talaka ya rasa abin da zai ci, aka kuma zo masa da haraji, kowa ya san abin da ke biyo baya.

Ga wanda malamai za su fi jin daɗinsa. A ƙasar Oman akwai kogon Hoti. Wani masani na Jami'ar Basel, Dominik Fleitmann, shi da abokan aikinsa, suka auna wani turke daga can, suka buga a 2022 cewa an yi fari mai tsanani a kudancin ƙasar Larabawa a farkon ƙarni na 6 na Miladiyya. A wannan zamani ne daular Himyar ta Yaman ta raunana, har Habashawa suka ƙetaro suka ci ta wajen shekara ta 525. Daga cikin Habashawan nan ne Abrahata mai giwa ya fito. Mutanen Yaman kuwa gwanayen tare ruwa ne, su ke da madatsar Ma'arib wadda duk almajiri ya san labarinta. Duk da gwanintarsu, da sama ta ɗauke shekara da shekaru, dabara ta ƙare.

Yanzu mu komo gida. Mai tambaya zai so ya ji ko akwai irin wannan kogo a wajensu. Duwatsun kudancin Kano, tun daga na Kiru da Bebeji har na Tudun Wada da manyan tsaunukan Riruwai a ƙasar Doguwa inda a ke haƙar kuza, yawancinsu dutse ne mai tauri irin wanda a ke fasawa a yi dutsen niƙa da tsakuwar gini. Ruwa ba ya narkar da shi yadda ya ke narkar da na farar ƙasa. Kogunan da a ke samu cikinsa rata ce tsakanin manyan duwatsu da suka jingina da juna, mafakar rema da jemage, ba su cika yin turke ba. Amma in babu raƙumi a gari ba a fasa fatauci. Allah ya ajiye mana waɗansu shaidu, kuma da irin awon nan na kogo a ke karanta su.

Shaida ta farko laka ce. A ƙasar Manga ta Jihar Yobe akwai wani kwari mai ruwa tsakanin tuddan rairayi, sunansa Kajemarum. Masana suka kafa bututu a gindinsa suka zaro laka, layi bisa layi, ta shekara 5,500, suka buga abin da suka gani a shekara ta 2000. Sun ce wajen shekara 4,100 da suka wuce damina ta ragu, ba ta sake komawa yadda ta ke ba. Sun ce kuma tun wajen shekara 1,500 da suka wuce aka shiga yin fari mai daɗewa, wani ya yi shekaru gomomi, wani ya kai ɗari. Abin mamaki, can a Indiya wani turke na kogon Mawmluh ya nuna babban fari wajen shekara 4,200 da suka wuce, har a 2018 masana tarihin ƙasa suka mai da shi iyakar da a ke fara ƙidayar zamanin da mu ke ciki. Ku dubi nisan Yobe da Indiya, ku dubi kusancin shekarun.

Shaida ta biyu jirgin ruwa ne. A 1987 wani Bafillace ya na haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwale a zurfin ƙafa 16. Da aka tono shi aka tarar tsawonsa ya kai ƙafa 27, shekarunsa kuwa wajen 8,000. A zamanin da aka sassaƙa shi Tafkin Cadi teku ne guda, tudun bakinsa na da ya na nan har yanzu wajen Bama. Wannan ya shafe mu, don kuwa ruwan da ya sauka a tsaunukan Doguwa shi ne ke bin Kogin Kano ta dajin Falgore, ya haɗu da Calawa, ya zama Kogin Haɗeja, ya nufi Yobe da Cadi. Mu ne a kan kogin, su ne a wutsiyarsa.

Shaida ta uku rubutun magabata da bakin tsofaffi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci yunwa ta shekara 11 a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1582 zuwa 1618. An yi Banga-Banga wajen 1855, an yi Kakalaba a 1913 zuwa 1914, an yi 'Yar Buhu a 1927. Na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 kuwa, da yawa cikin masu karatun nan da idonsu suka gani.

To, wa ya yi gaskiya, tsofaffi ko samari? Tsofaffi sun yi gaskiya. Awon ruwa da aka fara a birnin Kano tun 1905 ya nuna shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960 shekaru ne na ruwa, kuma daga ƙarshen 1960 aka shiga raguwa. Birnin da ya saba samun sama da inci 30 a shekara, a 1973 ko inci 20 bai samu ba. Tafkin Cadi ya tsuke a shekarun 1980 har bai kai kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa na 1963 ba. Amma samari ma ba su faɗi ƙasa ba, gama a 1913 ma ruwan Kano bai kai inci 20 ba, kuma daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan komo, har a na kukan ambaliya. Watau tsohon da ya yi ƙuruciya a zamanin ruwa ya ɗauka haka duniya ta ke tun asali, alhali kuwa sa'a ya yi.

Ga inda na ke so jama'a su tsaya su yi tunani. Rayuwar mutum ba ta cika wuce shekara 70 ko 80 ba. Littafin awon ruwanmu duka duka kimanin shekara 120 ne. A kan wannan ɗan gajeren sani mu ke gina kome. An fara madatsar Tiga a ƙasar Bebeji a 1971, aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, ta na taimakon birni da ruwan sha. Aiki ne mai albarka, ba mai musu. Amma madatsa rumbu ce, ba gona ba, abin da sama ta zuba shi ta ke ajiyewa. Ta kan ɗauki mutane shekara ɗaya ko biyu na ƙarancin ruwa. In irin farin da lakar Kajemarum ta nuna ya komo, na shekara 30 ko 50, ina shirinmu? Bugu da ƙari masana sun tabbatar duniya na ƙara zafi sabo da hayaƙin man fetur da kwal, zafi kuwa na ƙara shanye ruwan tafki da damshin gona ko da ruwan sama bai ragu ba. Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cikin shekarun ƙoshi ya yi tanadin shekarun yunwa.

Sabo da haka ina da roƙo ga ma'aikata da malaman makaranta da malaman zaure, don su ne masu alƙalami.

Na farko, kowace makaranta ta riƙa awon ruwa. Ba ya bukatar kuɗi. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, a kafa shi a fili nesa da itace da indararo. Kowace safiya a sa ma'auni a ga zurfin ruwan, a rubuta da kwanan wata, a zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ita ma a rubuta, don rashin ma labari ne. A rubuta ranar ruwan shuka da ranar da ruwa ya ɗauke. Malami in an yi masa canji ya bar littafin ga wanda ya gaje shi. Ruwan Doguwa ya fi na birni, na Kiru dabam da na Tudun Wada, awon birni kaɗai ba zai faɗi labarinsu ba.

Na biyu, a zauna da tsofaffi tun su na da rai. A tambaye su sunan kowace shekarar yunwa, da wanda ke sarautar garin a lokacin, da rijiyar da ta ƙafe, da abin da aka ci aka rayu. Fulanin da ke kiwo a Ɗansoshiya da Falgore sun san tafkin da ya kan riƙe ruwa da wanda ba ya riƙewa fiye da kowane ma'aikaci. Malamai kuma su duba gefen tsofaffin takardunsu na gado, gama magabata su kan ɗan rubuta shekarar fari ko ta fāra a gefen littafi. Mun ga amfanin da rubutun bangon kogon Dayu ya yi bayan shekara ɗaruruwa.

Na uku, a ji tausayin manyan itatuwa. Itace ma na ajiye labarin ruwa cikin jikinsa. A Afirka ta Kudu an huda tsofaffin kukoki, ba tare da an kashe su ba, aka fitar da labarin ruwan shekara 1,000, aka buga a 2015. Kuka ga ta nan ko'ina a ƙasarmu, ga maɗaci, ga tsamiya, ga kirya. Wanda ya kwantar da itacen da ya girmi kakansa don buhun gawayi kaɗan, ya ƙone littafin da ba a riga an karanta ba, ya kuma tone bakin rafin da saiwarsa ke riƙe da shi. Dagatai da masu unguwanni su sa ido, hukuma kuma ta nema wa masu gawayi wata sana'a, don ba a raba mutum da abincinsa da wa'azi kaɗai.

Na huɗu, masu haƙar rijiya da maharba da masu tonon kuza, in kun ci karo da baƙon abu cikin ƙasa, ko katantanwa a inda babu ruwa, ko tsohon itace, ko kogo mai ɗigon ruwa da farin dutse a tsaye, kada ku fasa, kada ku kwashe. Ku sanad da hakimi, shi kuwa ya aika wa masana na Jami'ar Bayero a Kano ko ta Ahmadu Bello a Zariya. Turken da ya shekara 10,000 ya na girma, yaro ya na iya karya shi da jifa ɗaya. Da mutumin Dufuna ya faskara abin da ya tarar ya hura wuta, da ba mu san kome game da shi ba.

Wanda duk ya fara awon ruwa a makarantarsa bana, ya aiko mana da jimlar kowane wata in kaka ta yi, za mu buga a wannan fili da sunan garinsa, don na Bebeji su ga na Doguwa, na Doguwa su ga na Kiru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da fari da ambaliya, amin.